Delu Mai Ƙyallen Tsayar da Jini

A gefen Badagishiri, ta wajen da hanya ke gangarawa fadama, akwai wani kango da har yau ba a sake ginawa ba. Ba wanda ya hana. Mutum dai kan zo ya tsaya, ya dubi wurin, ya ce ƙasar ba ta yi masa ba, ya nemi fili can gaba. A nan Delu ta zauna, wadda wasu ke kira Delu mai ƙyalle, wasu kuma suka taɓa kiranta da wani suna da ba a faɗa da ƙarfi.

Ba 'yar garin ba ce. A Birnin Konni aka haife ta, unguwar majema, irin gidan da warin fata ke tarbar baƙo tun kafin a amsa masa sallama. Ta tashi tana daka wa ubanta bagaruwa, tana kallon yadda ɗanyar fata ke shiga kwatarniya saɓa-saɓa, ta fito ta tsuke ta yi ƙarfi. Ta kuma ga cewa idan wuƙa ta kama majemi a yatsa, ba ya neman kowa, tsoma hannun yake yi cikin ruwan jima ya ci gaba da hira. Yarinya ce marar yawan magana, abin da ta gani ta kan ajiye shi.

Aure ya kawo ta Badagishiri, gidan wanzamai. Mijinta Barmo shi kaɗai ne a gidan bai gaji aska ba, noma ya kama. Ba lalaci ba ne. Barmo yana da irin jinin nan da ba ya jin kira. Ƙaya in ta soke shi da safe, har la'asar wurin na tsattsafa. Mutane kan yi masa ba'a, wai ɗan wanzami mai tsoron aska, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce kowa ya san inda rufinsa ke yoyo. Ƙanensa Malami ne ya ɗauki zabira da ƙaho, ya zama wanzamin gari. Tsakanin Malami da Delu akwai wasan ƙanen miji da matar wa. Shi ya kan kira ta 'yar majema mai baƙin farce, ita ta kira shi mijin ranar kasuwa.

Suka haifi ɗa namiji, aka raɗa masa Rabo. Ɗan fari ne, saboda haka Delu ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane, "yaron nan" take cewa. Ba a yi masa zane a fuska ba, Barmo ya hana. Amma kaciya ba ta hanuwa. Ranar da Malami ya yi masa, sauran yara jininsu ya tsaya kafin kunu ya huce, na Rabo kuwa sai da aka wuni aka sake wuni ana zuba toka ana tofi. Ya rayu da kyar. Delu tana bayan danga, daga ranar ta san jinin wa yaron ya ɗauko.

Da kakar shekarar da Nasara suka sauke tutarsu, Barmo yana saran karan gero, magirbi ya zame ya same shi a ƙwauri. Ba wani babban sara ba ne, da wani ne da ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa kunyarsa. Delu ta iso da fura ta ishe shi zaune cikin kara yana danne ƙafa. Ta kwance farin kallabin kanta ta ɗaure. Aka zo da toka, aka zo da ƙasar suri, Malami ya yi tofin da ya gada. Jinin bai yi tsartuwa ba, bai yi gaggawa ba, fita kawai yake yi kamar wanda aka aika. Da rana ta karkata aka aza shi bisa jaki aka nufi asibitin Illela. Ba su kai ba.

Wanzamai suna da ka'ida: jinin mutum ba a barinsa a sarari. Na ƙaho, na kaciya, na rauni, duk rami ake tonawa a rufe, domin wanda ya riƙe jininka ya riƙe ka. Malami ya koma gona ya kwashe ƙasar da ta jiƙe, ya haɗa da wandon ɗan'uwansa, ya binne. Da ya nemi kallabin, bai gani ba. Ya tambayi Delu, ta sunkuyar da kai. Ya ɗauka baƙin ciki ne, ya ƙyale ta.

Da ta fita takaba ba ta koma Konni ba, ba ta kuma saurari masu neman aure ba. Akwai wani tsohon ɗaki a bayan gidan da Barmo ke ajiye kayan noma. Ta daina share shi. Gizo-gizo suka cika shi da saƙa, daga tanka zuwa bango, har sai mutum ya duƙa kafin ya shiga. Maƙwabta suka ce mata saƙar gizo a gida tsiya take jawowa, ta ce ai tsiyar ta riga ta zo ta wuce. Ta ji tsofaffi na cewa saƙar gizo na kama jini, tana so ta gani da idonta.

Abin da take nema ɗaya ne: ƙyallen da za a ɗora bisa rauni ya tsayar da jini irin na Barmo. Na sauran mutane toka ma ta ishe shi. Yaron nan yana girma, ga lauje, ga gatari, ga ƙaya ko'ina, ita kuwa ba za ta iya bin sa gona ba.

Ta fara da abin da ta sani. Ta jiƙa farin saƙi cikin ruwan bagaruwa ta shanya. Ta ga zaren da aka murza da ƙarfi jini na bi ta kansa ya wuce, sai ta koma kaɗa auduga sako-sako ta kai wa masaƙi, ya yi mata tsaki ya ce wannan ko kaza ba za ta ɗaura ba. Ta gwada tokar tsumma, ta gwada lalle, ta gwada alif da 'yan koli ke kawowa daga Sakkwato. Ta shimfiɗa saƙar gizo tsakanin ninki biyu. Ranar kasuwa ta kan tsuguna bayan mahauta da ɗan ƙoƙo, ta tari jinin akuya da ɗuminsa, ta ɗiga bisa ƙyallaye dabam-dabam, tana kallon wanne zai riga daskarewa. Mahauta suka yi ta kallonta. Mace mai sallah, me za ta yi da najasa? Wanda jinin akuya bai gamsar da ita ba, ta san inda take gwada shi, shi ya sa ko da bazara hannunta na hagu a rufe yake.

Kowane sabon haɗi kuwa, kafin ta yarda da shi, sai ta shiga ɗakin gizo ta buɗe wata tukunya ta ɗauko farin kallabin nan. Ta kan ɗisa ruwa a gefen tabon, ta shafa haɗin, ta zauna tana kallo. A wurinta, jinin gidan ke nan, ba ta da wani samfurinsa sai wanda ke jikin ɗanta. Jini in ya tsufa a jikin tufa baƙi yake komawa, kowa ya sani. Wanda ke jikin kallabin bai koma ba. Ko haɗe-haɗen da take shafawa ne suka riƙe launin, ko wani abu ne, ba ta taɓa tambayar kowa ba.

Wanda ta fara ɗaure wa wani mai haƙar rijiya ne da dutse ya tsaga wa goshi. Jinin ya tsaya, amma bayan kwanaki wurin ya kumbura ya yi ruwa, aka kai shi Illela. Malamin asibitin, wani dogo mai suna Mas'udu, ya aiko a kira matar da ta yi wannan ɗauri. Ta tafi tana tsammanin jandarma ne zai tarbe ta. Mas'udu ya juya ƙyallen, ya sansana, ya ce jini kam ya tsaya, amma datti ta rufe a ciki. Ya ce ta riƙa tafasa saƙin kafin ta jiƙa, ta shanya inda ƙuda ba ya sauka, ta wanke raunin da dafaffen ruwa, babban rauni kuma ta ɗaure ta turo masa. Ya ƙara da cewa saƙar gizon nan ba ta kwanta masa ba. Ta ɗauki na tafasawa da na ƙuda nan take. Na gizo sai da ta shekara tana gwadawa kafin ta yarda da gaskiyarsa ta daina sawa, amma ɗakin ba ta share ba. Ta ce gizo-gizon sun zauna da ita lokacin da ba kowa.

A hankali ƙyallen ya yi kyau. Launinsa kamar na goro, yana da ɗan ƙarfi, in ya sha jini sai ya manne da fata. Ka'idarsa guda ce, ta kan faɗa wa kowa: a danna, a ɗaure, kada a ɗaga don a leƙa. In jini ya ɓullo a ɗora wani bisa. Ba a cire shi sai an jiƙa da ruwan ɗumi bayan kwanaki, ya saki da kansa.

Rabo ya zama saurayi, aka buɗe gidan siminti a Malbaza, ya bi tsaransa neman aikin lodi. Ranar tafiya Delu ta ɗinke ƙyalle guda cikin fata, irin ɗinkin gidan ubanta, ya fito kamar laya. Ba ta miƙa masa ba, ta ajiye bisa tabarmarsa. Ya ɗaura a damtse. Daga baya leburori suka riƙa aiko direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, su karɓo musu, har masu gyaran mota na Konni suka san shi. Rabo ya yi aure, ya auro Balki, 'yar wani mai lambun albasa, yarinya mai hankali da tsoron Allah da tsoron abin da mutane ke faɗi.

Delu ba ta karɓar komai sai abu ɗaya: in rauni ya warke, a mayar mata da ƙyallenta. Tana so ta ga iya inda jinin ya ratsa, ninki nawa ya ci, ina ya tsaya, don ta san abin da za ta ƙara ko ta rage. Ta kan rataye su bisa igiya cikin ɗakin gizo. Da farko mutane ba su kula ba, mai ciwo in ya warke ba ya tuna tsumma.

Malami ne ya kula. Wata ranar ya leƙa ɗakin yana neman galmar ɗan'uwansa, ya fito bai ɗauki galmar ba.

"'Yar majema," ya ce, yana murmushin da bai kai ido ba, "shanyar mi kika yi ciki haka? Kilishi?"

"Na mijin ranar kasuwa ne. In ya bushe in aiko maka."

"Ban da wasa, Delu. Jinin mutane ne. Ko na ƙaho ba ya kwana gidana."

"Kai kana fidda shi, ni ina tsai da shi. Ba aiki guda muke ba."

Ya ce ta binne su. Ta ce in ta binne, da me za ta koya? Tun daga ranar wasan ya ragu tsakaninsu. In sun gamu, gaisuwa ce cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙo.

Sai fari ya zo. Damina ta yi ƙarya, ta sake yin ƙarya. Rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye, rijiyoyin fadama suka yi zurfi, shanun Fulani suka riƙa faɗuwa a bakin hanya. Rabo ya baro Malbaza ya dawo don 'yan awakin gida da matarsa mai ciki. Mutane suka fara mutuwa, tsofaffi da yara tukuna, sannan waɗanda ba a zata ba. Mai haƙar rijiyan nan ya rame ya kwanta ya tafi. Wata mata da Delu ta taɓa ɗaure wa yatsa ta bi shi. Wani ya ce a majalisa, shi dai bai ce komai ba, amma duka biyun ƙyallensu na rataye a wani ɗaki. Ba wanda ya tsaya lissafa waɗanda suka mutu ba su taɓa ganin ƙyallen ba. Yunwa ba ta da gidan da za a je a tsaya a ƙofarsa, Delu kuwa tana da shi.

Magana ta yi ta yawo: ƙyallen ba tsayar da jini yake yi ba, sha yake yi, kuma in ya ɗanɗana na mutum, ko daga bisa igiya yana ci gaba da ja. Mata suka daina aiko yara ɗiban wuta gidanta. A rijiya, in ta aje tulu, sai a matsa.

Wata safiya bayan an dawo daga jana'iza, jama'a suka biyo Malami har ƙofar gidan. Ba su zo da sanda ba. Malami ya yi sallama ya ce mutane sun zo karɓar jininsu. Delu ta ɗaga asabarin ɗakin ta ce bismilla.

Suka tsaya a bakin ƙofa. Haske na shiga ta ɓular rufi, saƙar gizo ta sauko kamar labule, ga igiyoyi jere, ƙyallaye na ɗan motsi ko da yake ba iska. Duk kamanninsu ɗaya. Wani ya ce to yaya za a yi kowa ya gane nasa? Delu ta shiga ta fara ciro su. Ta miƙa wa wani maƙeri nasa, ta ce na ranar da guduma ta fasa masa babban yatsa ne. Ta miƙa wa wata tsohuwa na jikanta. Ta ce wannan na mai rijiya ne, a kai wa iyalinsa. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, ba ta ko ɗaga su ga haske. Ita a ganinta sauƙaƙa musu take yi, ai ta shekara da shekaru tana karanta tabon nan. Su kuwa kowa ya karɓi nasa, ba wanda ya dubi fuskarta.

Malami ya sa aka tona rami bayan gida. Aka zuba tsofaffin, aka haɗa da sababbin da ba su taɓa jini ba, aka fasa kwatarniyar jiƙo, aka sa tsintsiya aka kwashe saƙar gizo. Rabo yana daji neman ciyawa, Balki tana tsaye da hannu bisa ciki. Da aka gama, Malami ya matso kusa da Delu ya yi ƙasa da murya.

"Saura guda. Na ɗan'uwana."

"Ban gama da shi ba," ta ce.

Ya daɗe yana kallonta. Ya juya ya tafi, bai yi sallama ba. Tukunyar kuwa tun asuba ta mai da ita ƙarƙashin gadonta, kamar ta san za a zo.

Sabon ƙyalle ba ya haɗuwa a kwana ɗaya, kuma masaƙin ya ce zarensa ya ƙare. Abin da ya rage a garin shi ne wanda ke damtsen Rabo.

A shekarar nan ganyen gawo ne abincin awaki. Wata hantsi Rabo ya hau gawon da ke bakin fadama yana saran rassa, ga yunwa ga jiri, gatari ya goce ya sauka a cinyarsa. Masu lambu suka sauko da shi suka kawo shi gida bisa ƙyaure. Delu na ganin yadda jinin ke ɗiga a hanya, a natse, ba gaggawa, ta gane tafiyarsa, irin ta jinin Barmo ce. Ta yanke layar da wuƙar girki, ta wanke raunin, ta ninka ƙyallen ta danna da dukan nauyinta. Ta daɗe a haka, inuwar danga ta janye ta bar su a rana. Da ta sassauta hannu, ƙyallen ya yi baƙi, ya manne, gefensa a bushe. Jinin ya tsaya.

Ta ɗaure da zane, ta ce wa Balki za ta bakin hanya ta tsai da kamiyon da ke kai jar dawar taimako Illela, domin saran ya yi zurfi, sai an ɗinke. Ta ce ta ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Ta maimaita mata ka'ida: kada a ɗaga.

Bayan fitarta Malami ya iso da zabirarsa. Ya ga ɗan ɗan'uwansa kwance, leɓe ya yi fari, tafin ƙafa sanyi, yana kiran ƙishirwa. Haka duk wanda ya zubar da jini yake, Malami ya fi kowa sani. Amma ya kwance zanen, ya ga abin nan baƙi ya lafe cikin nama kamar matsattsaku. Ya taɓa gefensa, ya ji ya riƙe gam. Balki ta ce Inna ta ce kada a ɗaga. Ya tambaye ta, tun da aka sa, ƙarfi yake ƙarawa ko raguwa? Ta dubi mijinta, ta ce raguwa. Ya ce to. Ba mugunta ce ta kawo shi ba. Ya taɓa binne ɗan'uwa guda, kuma ya gaskata abin da gari ya gaskata. Balki ta riƙe ƙafar, ya yi bismilla ya ɓamɓare.

Delu ta dawo da labarin cewa direba ya yarda zai jira. Tun daga zaure ta ji shiru irin wanda ta sani. Ta ishe Malami durƙushe, hannu biyu cikin jini, toka ta zama taɓo, bakinsa na tofi. Ƙyallen na can gefe cikin ƙasa, kaji na tsattsaga shi.

Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta jawo tukunya ta fito da kallabin. Shekarun da ta yi tana shafa masa bagaruwa da alif sun mai da shi kamar fata, sai tsakiyarsa da ke nan ja, kamar jiya aka ɗaure. Malami ya gani, tofin ya tsaya masa a baki.

"Delu, jinin mamaci ne."

"Na ubansa ne. Kauce."

Ya kauce. Ta ninka shi yadda jan ya fuskanci raunin, ta ɗora, ta danna. Idon Rabo ya fara juyewa. Nan ne matan da ke leƙe ta danga suka ji abin da ba su taɓa ji ba, Delu ta kira sunan ɗanta na fari, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, kamar mai tada mutum sallah. Ya buɗe ido.

Haka aka ɗauke su tare, ita da shi, aka aza bisa buhunan dawa, hannunta bai ɗaga ba. Malami ya hau ya zauna ta wajen kai. Suka wuce wurin da jakin Barmo ya tsaya a wancan karon, Delu da Malami duka suka duba. Har Illela buhun da ke ƙarƙashin cinyar bai jiƙe ba.

Mas'udu, wanda furfura ta fara fito wa, ya ga tsohon tsumman ya kama kai. Ya ce ita da ya koya wa tafasa ƙyalle, ita ce za ta kawo masa wannan? Ta ce shi ya rage. Sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya, sun ƙage. Ya jiƙa kallabin da ruwan ɗumi har ya saki, ya ɗinke, ya yi allurai. Abin da ya ji tsoro ya faru, raunin ya yi ruwa, zazzaɓi ya riƙe Rabo har aka fidda rai. Ya tashi, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, da sanda ya ƙarasa rayuwarsa, bai sake ɗaukar buhun siminti ba.

Kafin su baro asibiti Delu ta roƙi a ba ta kallabin. Aka miƙo mata cikin tasa. Ta shimfiɗa shi bisa gwiwa ta duba. Ya yi baƙi gaba ɗaya, tsohon tabo da sabo ba a rarrabe su. Ta ninke ta miƙa wa Malami.

"Ungo. Na gama."

Ya binne shi kusa da kabarin Barmo. Masu kiwo sun ce a ranin nan da ko tsiro babu, wurin ya daɗe da danshi, tururuwa na kewaye shi. Wataƙila Malami ne ke zuba ruwa. Ba a tambaye shi ba.

Ruwa ya dawo a daminar da ta biyo bayan hawan soja mulki, mutuwa ta lafa, maganar ma ta lafa. Ba wanda ya zo ya ba Delu haƙuri. Wata rana dai masaƙi ya aiko da saƙi sako-sako ba a tambaye shi ba, wata rana kuma aka ga sabuwar kwatarniya a ƙofar gida, irin wadda matar Malami ke saye. Hannun Delu na dama bai sake miƙewa sosai ba, ya zauna a dunƙule kamar har yanzu yana danne wani abu. Balki ce ta karɓi daka da jiƙo, tsohuwar na zaune tana nuna mata da haɓa. Ba su taɓa tada maganar ranar nan ba. In Balki ta ɗaure wa mutum, ita ke fara faɗin ka'ida, ta faɗa ta sake faɗa, har a ce mata an ji. Amma ba ta karɓar ƙyalle in an warke, kowa shi ke binne nasa. Saboda haka haɗin ya tsaya inda Delu ta bar shi, bai ƙara ba.

Delu ta rasu kafin shekarun alif ɗari tara da saba'in su ƙare, da kaka, ba ta yi doguwar jinya ba. Matan da suka yi mata wanka sun ga hannunta na hagu, daga wuyan hannu har kafaɗa, tabon yanka jere kamar kunyoyin gona, wasu sun shafe wasu sun yi tudu. Suka dubi juna, suka rufe.

Rabo ya kwashe iyalinsa ya koma cikin gari, gidan ya zube. Ɗan da Balki ta haifa a shekarar farin, da lokacin kaciyarsa ya zo, Malami ya tsufa amma ya ce shi zai yi. Ya wasa aska, ya shimfiɗa kayansa, ya zauna bai taɓa yaron ba sai da aka ajiye masa ƙyallen Delu kusa da gwiwarsa.

Ɗakin baya ne kaɗai bangonsa ya ƙi faɗuwa. Gizo-gizo sun koma.